OpenVPN a kan Debian: ya ƙi sauka, da ya sauka kuma ya ƙi haɗuwa da sabar Yamai

Lawali: Assalamu alaikum, ƴan'uwa, barkanmu da war haka. Ina neman taimako a kan wata matsala da ta hana ni aiki tun shekaranjiya. Ƙungiyar da nake yi wa aikin shigar da bayanai a nan Damagaram ta ajiye rumbun bayananta a wata saba da ke Yamai, kuma ba a isa gare ta sai ta VPN, wato ɓoyayyen bututun da ke haɗa kwamfuta da saba ta cikin intanet. Mai kula da sabar ya aiko mini da fayil guda mai suna ofis.ovpn, ya ce in sauke manhajar VPN mai suna OpenVPN in ba shi fayil ɗin ta layin umarni. Kwamfutata ta gwanjo ce, kuma na sa mata tsarin Linux mai suna Debian 12 daga filashi a wani dare da ba ni da intanet. Yanzu duk lokacin da na rubuta `apt install openvpn` sai ta amsa mini da `Unable to locate package openvpn`. Daga wayata nake rarraba intanet, kuma wasu shafukan suna buɗewa, wasu kuma sai an yi mini gargaɗin tsaro, abin da na ɗauka raunin layi ne kawai.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam, Lawali. Kafin a zargi layi, ka rubuta `cat /etc/apt/sources.list` ka nuna mana abin da ya fito, domin wanda ya sa Debian ba tare da intanet ba yakan tashi da wannan fayil babu adireshin rumbun manhajoji ko ɗaya a ciki.

Lawali: Malam, layi ɗaya ne kacal a ciki, kuma ya fara da `deb cdrom:`.

Malam Habibu: To, ka ga inda gizo ke saƙar. Kwamfutarka ba ta san da wata kasuwa ba sai filashin da aka sa ta da shi, kuma OpenVPN ba ya cikin kayan da ke kansa. Ka shiga a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan kwamfutar, ka buɗe fayil ɗin da manhajar gyara rubutu ta nano, ka sa alamar # a farkon wancan layi domin a daina karanta shi, sannan ka ƙara waɗannan biyu: `deb http://deb.debian.org/debian bookworm main` da kuma `deb http://security.debian.org/debian-security bookworm-security main`. Bookworm shi ne laƙabin Debian 12, wanda ya fito a watan Yunin 2023. Bayan ka adana, sai ka rubuta `apt update` tukuna, domin ita ce ke ɗauko jerin kayan da ke rumbun, kuma idan ba a yi ta ba `apt install` ba shi da abin dubawa.

Lawali: Na yi yadda kuka ce, Malam, amma `apt update` ta tsaya da wani saƙo mai cewa `Release file` na rumbun `is not valid yet`, har ta lissafa ɗaruruwan kwanaki da ta ce sun rage kafin ya fara aiki.

Sani: Wannan abu ne mai sauƙi, akwai zaɓin da ake ba apt domin ta daina duba kwanan wata, kuma da shi za ka wuce wannan shingen cikin minti ɗaya.

Malama Zainabu: Sani, ka yi haƙuri, amma ban ga dalilin toshe bakin mai faɗin gaskiya ba. Saƙon ba ya cewa rumbun ya lalace, cewa yake yi a lissafin kwamfutar Lawali ranar da aka sa wa fayil ɗin hannu ba ta zo ba tukuna, wato agogonta ne yake baya. Ku tuna kuma ya ce tun farko wasu shafuka suna yi masa gargaɗin tsaro, kuma wannan ma alamar ciwo ɗaya ce, domin kowace takardar shaida ta intanet tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Idan aka rufe idon apt a yau, gobe OpenVPN zai tayar da maganar, kuma shi ba ya karɓar roƙo. Ƙanena Lawali, rubuta `timedatectl` ka gaya mana abin da ka gani.

Lawali: Gaskiyarki, Yaya. Agogon yana baya da fiye da shekara guda, kuma an rubuta `System clock synchronized: no`. Ban taɓa lura ba, saboda a waya nake duba lokaci. Na gyara shi da hannu da `timedatectl set-time`, na kuma tabbatar yankin lokaci yana kan Africa/Niamey. Yanzu `apt update` ta wuce, OpenVPN ma ya sauka lafiya. Sai dai da na rubuta `openvpn --config ofis.ovpn` aka ce mini `command not found`, alhali yanzun nan na ga ya gama sauka da idona.

Mutari: Wannan tarkon ya taɓa kama ni, har na sake sauke manhajar sau biyu a banza ina ƙona kuɗin intanet. Debian tana ajiye OpenVPN a `/usr/sbin`, kuma wannan wuri ba ya cikin hanyoyin da ake bi a nemo wa mai amfani na yau da kullum manhajar da ya kira. Idan ka shiga root da `su` kaɗai, to da hanyoyinka na da ka shiga, sai ka rubuta `su -` da ƴar sandar nan a gaba kafin a ba ka na root. Ko da ma ka kira shi da cikakken adireshinsa ba tare da ikon root ba, zai yi nisa sannan ya faɗi da `Cannot ioctl TUNSETIFF tun: Operation not permitted`, saboda ƙirƙirar bututun da ake kira tun0 aiki ne da ba a bar wa kowa ba.

Lawali: Na gode, Yaya Mutari. Magariba ta yi, zan ci gaba da safe in Allah ya kai mu.

Lawali: Barkanku da asuba. Na shiga da `su -`, OpenVPN ya tashi, ya nemi suna da kalmar sirri, sannan ya yi ta maimaita wani kuskure yana sake gwadawa. Layin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne `VERIFY ERROR` tare da `certificate is not yet valid`.

Sani: Turo mana fayil ɗin ofis.ovpn gaba ɗaya mu duba, wataƙila takardar shaidar da aka ba ka ce ba daidai ba.

Malama Zainabu: Kada ka kuskura ka turo shi, Lawali. Irin wannan fayil sau da yawa yana ɗauke da mabuɗinka na sirri a ciki, wato sashen da ya fara da BEGIN PRIVATE KEY, kuma a wannan zaure akwai mutanen da ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Wanda ya sami wannan sashe ya sami rabin hanyar shiga rumbun ƙungiyarku da sunanka. Idan har ana bukatar ganin wani abu, ka kwafo layukan sama kawai masu farawa da proto, cipher da makamantansu, ka kuma share adireshin da ke gaban remote. Amma ni ban ga bukatar fayil ɗin ba ma, domin saƙon na yau ɗan'uwan na jiya ne. Sake duba agogo.

Lawali: Ikon Allah, ya sake komawa baya, kamar ban taɓa shi ba jiya.

Malam Habibu: To batirin agogo ne ya mutu. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin batiri mai kama da kwabo, yawanci samfurin CR2032, wanda aikinsa shi ne riƙe lokaci sa'ad da aka kashe na'ura. Kwamfutocin gwanjo da ke iso mana sun riga sun sha shekaru kafin su zo, kuma idan babban batirin ma ya gaji, to duk daren da aka ɗauke wuta agogon sai ya manta inda ya tsaya. Magani biyu ne, kuma ina ba ka shawarar ka haɗa su. Na farko, `apt install systemd-timesyncd` sannan `timedatectl set-ntp true`, domin kwamfutar ta riƙa daidaita kanta da zarar ta sami intanet. Na biyu, ka kai ta wurin masu gyara a Kasuwar Dole su duba irin batirin, saboda a wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka yana zuwa ne naɗe cikin roba da ƴar wayarsa, ba kwabon tsirara ba. Abin da ya sa OpenVPN ya ƙi kuwa shi ne, takardar shaidar sabar an yi ta ne bayan ranar da agogonka ke nunawa, don haka a ganinsa an miƙo masa takardar da ba a rubuta ba tukuna.

Sani: Na karɓi gyara a kan maganar fayil, Malama. Amma duk wannan wahala ai ta OpenVPN ce, manhajar da James Yonan ya fitar tun 2001. WireGuard, wata manhajar VPN ta daban, ba ya amfani da takardun shaida ko kaɗan, mabuɗai biyu ne kawai, kuma tun 2020 aka shigar da shi cikin zuciyar Linux a fitowa ta 5.6. Fayil ɗinsa bai wuce layi goma sha wani abu ba, ka rubuta `wg-quick up wg0` ka wuce wurin. Me zai hana Lawali ya koma can ya huta?

Malam Habibu: Duk abin da ka faɗa game da WireGuard haka yake, Sani, kuma ni ma da shi nake haɗa gidana da shagona. Sai dai baƙo ba ya zaɓar yaren da za a yi a gidan da ya sauka. Sabar Yamai OpenVPN take ji, kuma Lawali ba shi ne mai ita ba, don haka ko ya sauke WireGuard babu wanda zai amsa masa a can. Sannan kada ka ɗauka WireGuard ya tsira daga sharrin mataccen agogo. Kowace gaisuwar farko da yake aikawa tana ɗauke da hatimin lokaci, kuma saba tana watsi da duk gaisuwar da lokacinta bai wuce na wadda ta riga ta karɓa daga wannan mabuɗi ba, domin kada wani ya naɗi tsohuwar gaisuwa ya maimaita ta. Mai agogon da ke komawa baya zai iya haɗuwa yau, gobe ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, kuma WireGuard ba ya cewa uffan idan ya ƙi ka. A wannan fuska na fi son OpenVPN mai surutu, domin aƙalla ya gaya wa Lawali abin da ke damunsa da baki.

Nana Hadiza: Ku gafarce ni in tsoma baki da tawa, tunda ana kan batun. Ni a gida OpenVPN yana haɗuwa ta wayata, amma a wani wurin taro da muke zuwa horo, ta wifi ɗinsu, sai ya yi shiru na minti guda sannan ya ce `TLS key negotiation failed to occur within 60 seconds`. Shin ni ma agogo ne?

Mutari: A'a, ƴar'uwa, naki daban ne. Na Lawali sun gaisa da sabar sannan suka saɓa a kan takarda, ke kuwa sallamarki ba ta samu amsa ba sam. OpenVPN a bisa al'ada yana fita ta UDP, salon aika bayanai da ba ya jiran tabbacin isarsu, a ƙofa ta 1194, kuma wurare da yawa masu wifi na jama'a suna barin ƙofofin shafukan intanet ne kawai. Tunda yana aiki a gida, fayil ɗinki lafiya yake. Ki tambayi mai sabarku ko yana sauraro ta TCP, salon da ke tabbatar da isar bayanai, a ƙofa ta 443, wadda ita ce ta shafuka masu tsaro kuma da wuya a rufe ta. Zai ɗan yi nauyi idan layi yana yankewa, saboda TCP a cikin TCP kowanne yana sake aika abin da ya ɓace, amma ya fi babu. Ga Sani kuma, WireGuard ta UDP kaɗai yake tafiya, don haka a irin wannan wuri ba shi da wata ƙofar baya.

Lawali: An daidaita agogo, kuskuren takarda ya tafi, wani kuma ya maye gurbinsa. Yanzu yana cewa `OPTIONS ERROR: failed to negotiate cipher with server`, kuma ya ambaci AES-256-CBC. A fayil ɗina akwai layin `cipher AES-256-CBC` tun asali, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai.

Malama Zainabu: Wannan saɓanin zamani ne tsakanin manhajarka da sabar. Debian 12 tana zuwa da OpenVPN 2.6, kuma a wannan fitowa layin cipher shi kaɗai ba ya isa, ana duba wani jeri ne mai suna data-ciphers, wanda a asalinsa ya ƙunshi AES-256-GCM da AES-128-GCM da CHACHA20-POLY1305. Sabarku da alama tsohuwa ce, ko kuma an ɗaure ta a kan CBC, sai aka rasa salon ɓoye bayanai da duka biyun suka yarda da shi. Ka ƙara wannan a fayil ɗin: `data-ciphers AES-256-GCM:AES-128-GCM:AES-256-CBC`, sannan a ƙarƙashinsa `data-ciphers-fallback AES-256-CBC`. Da a ce BF-CBC saƙon ya ambata, da ban ba ka hanyar lallaɓawa ba sai na ce ka koma wa mai sabar, domin wannan salo na Blowfish yana aiki da gutsuren bit 64, kuma tun 2016 harin da aka sa wa suna SWEET32 ya nuna rauninsa. AES-256-CBC bai kai nan ba, ana iya aiki da shi. Duk da haka ka rubuta masa cikin ladabi cewa sabar tana bukatar sabuntawa, saboda duk abokin aikinka da ya sa sabuwar manhaja zai ci karo da wannan dutsen.

Lawali: Alhamdu lillahi, a karon farko na ga `Initialization Sequence Completed`. Da na rubuta `ip a` na ga tun0 da adireshinsa, kuma saƙon gwaji na ping zuwa adireshin cikin gida na sabar yana dawowa. Amma murnata ta koma ciki, domin shafin shigar da bayanai yana nuna kansa na sama ne kawai sannan ya tsaya yana juyi. Ta ssh, hanyar ba sabar umarni daga nesa, ma na shiga, ƙananan umarni suna aiki, amma da na nemi jerin wani kundi mai fayiloli da yawa sai allon ya daskare.

Sani: Wannan kam layi ne, da rana haka yake yi idan mutane sun yi yawa a kai.

Malam Habibu: Da layi ne, da ƙarami da babba duk za su sha wahala tare. Ka lura da abin da ya faɗa: ƙaramin saƙo yana wucewa, babba yana maƙalewa, kuma kullum a wuri ɗaya. Wannan maganar girman ƙulli ce, abin da ake kira MTU. Bayanai a intanet ƙulli-ƙulli suke tafiya, kuma a al'ada mafi girman ƙulli bayit 1500 ne. VPN yana ɗaukar ƙullinka ya naɗe shi cikin nasa buhun mai adireshi da hatimi, sai ya ƙara ƙiba, alhali hanyoyin wayar salula su ma sukan yi nasu naɗin a ɓoye, abin da ke rage faɗin hanyar. Ka ɗauka amalanke ce aka yi wa lodin buhunan gero har suka fito ta gefe, aka nufi wani lungu na Birni da ita: yaro mai tallan goro zai wuce, amalanke kuwa sai ta tsaya. A ƙa'ida, na'urar da ƙullin ya fi ƙarfinta takan mayar da saƙon ICMP tana cewa a rage, amma sau da yawa wani bangon tsaro a hanya yana haɗiye wannan saƙo, sai mai aikawa ya yi ta turo ƙato ba tare da sanin ana zubarwa ba.

Ga yadda za ka auna da kanka. Ka kashe VPN, ka rubuta `ping -M do -s 1472` da adireshin sabar na waje, wanda ke gaban remote. Zaɓin `-M do` yana hana a farfasa ƙullin a hanya, 1472 kuwa shi ne 1500 bayan an cire bayit 28 na kawunan IP da ICMP. Idan bai dawo ba, ka riƙa rage lambar har ka sami mafi girma da ke dawowa, ka ƙara mata 28, wannan shi ne faɗin hanyarka na gaskiya.

Lawali: Na gwada, Malam. 1472 bai dawo ba, 1400 ma haka, amma 1372 ya dawo, 1373 kuma ya ƙi.

Malam Habibu: Madalla, hanyarka 1400 ce ke nan. Ka ƙara layin `mssfix 1300` a fayil ɗin ka sake kunnawa. Abin da yake yi shi ne, duk haɗin TCP da zai bi ta bututun sai OpenVPN ya gaya wa ɓangarorin biyu tun a gaisuwar farko su yi ƙananan ƙulli, yadda ko an naɗe su ba za su wuce faɗin hanyar ba. Na zaɓi 1300 ne domin a bar rata, tunda gobe kana iya amfani da wani layin dabam wanda ya fi wannan ƙunci.

Lawali: Shafin ya buɗe har ƙasa, kuma na shigar da takardu goma sha biyu da suka taru tun shekaranjiya. Allah ya saka muku da alheri, Malam, da Yaya Zainabu, da Yaya Mutari, har da Sani. Abu ɗaya ya rage: da lambobin adireshi nake shiga, idan na rubuta sunan sabar kamar yadda abokan aikina masu Windows suke yi, sai a ce ba a san shi ba.

Mutari: A Windows manhajar tana karɓar adireshin DNS, wato mai fassara suna zuwa lambar adireshi, da saba ta turo ta sa shi da kanta, amma a Linux ta layin umarni OpenVPN 2.6 yana karɓa ne ya ajiye, sai an ba shi wanda zai rubuta. Ka sauke `resolvconf`, sannan ka ƙara layi uku a fayil ɗin: `script-security 2`, da `up /etc/openvpn/update-resolv-conf`, da `down /etc/openvpn/update-resolv-conf`. Kada ka manta da na ukun, domin idan babu shi, bayan ka kashe VPN kwamfutar za ta ci gaba da tambayar DNS na ofis wanda ba ta iya kaiwa gare shi, sai ka ga kamar intanet ɗinka ya mutu gaba ɗaya. Bayan sauke resolvconf ka sake kunna kwamfutar sau ɗaya kafin ka gwada.

Malama Zainabu: Tunda fayil ɗin ya daidaita, ka kwafe shi zuwa `/etc/openvpn/client/ofis.conf`, ka yi masa `chmod 600` domin root kaɗai ya iya karanta mabuɗin da ke ciki, ka kuma goge kwafin da ke cikin kundin saukewa da wanda ke wayarka. Daga nan `systemctl start openvpn-client@ofis` ya isa ya kunna shi, kuma idan wani abu ya faru `journalctl -u openvpn-client@ofis` zai nuna maka rahoton.

Lawali: Na yi duka, sunan sabar yana buɗewa yanzu. Na kuma je kasuwa bayan la'asar, mai gyaran ya buɗe bayan kwamfutar, ashe irin mai ƴar wayar nan ne da Malam ya faɗa, kuma ba shi da shi a shago. Ya ce in koma ranar Alhamis.

Nana Hadiza: Mai sabarmu ya aiko mini da fayil na biyu mai `proto tcp` da ƙofa ta 443. Ranar Litinin muna da horo a wurin, zan gwada in dawo muku da labari.